A daina ɓamɓare tayar keke da turnabis

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai albarka domin in ja hankalin masu keke da masu faci a nan Damagaram kan wata ɓarna da ake yi kullum. A makon jiya tsidau ya huda mini tayar baya a hanyata ta komawa Birni daga Kasuwar Dole. Yaron da na kai wa gyara ya sa turnabis, wato sukudireba, ya ɓamɓare tayar da ƙarfin tsiya, sai huji ɗaya ya koma uku, bakin rim ɗin ma ya sami tabo. Ban ga laifin yaron ba, domin abin da aka miƙa masa ke nan.

Liba, wato 'yar sanda mai lanƙwasasshen baki da ƙugiya a ɗaya ƙarshen, ita aka yi domin wannan aiki, kuma ita ma iri biyu ce. Ta ƙarfe ta dace da manyan kekunan da muka gada, irin su Phoenix da Raleigh, masu rim na ƙarfe, muddin an goge bakinta ya yi sumul. Amma kekunan gwanjo da suka yawaita yanzu galibi rim ɗinsu na alminiyum ne, wanda ƙarfe ke kankarewa, don haka ta roba mai kauri da faɗin baki ta fi dacewa da su.

Abin da na fi so a lura da shi shi ne, yawancin tayoyin da ake cewa sun yi gardama ba ƙarfi suke nema ba. A tsakiyar rim akwai kwari. Idan aka sace iska gaba ɗaya, aka bi leɓen tayar da hannu ana matse shi cikin wannan kwari har a zagayo, wayar da ke cikin leɓen za ta saki, liba ta shiga ba tare da kokawa ba. Sai a maƙale ƙugiyarta a jikin wayar ƙafar keken, a sa ta biyu kamar santimita 10 daga ta farko. Wajen mayarwa kuwa, a ɗan hura tiyub ya miƙe, a shafa ruwan sabulu a leɓen, a ƙare a wurin bawul da manyan yatsu, ba da liba ba, domin a wannan gaɓa ce liba ta fi tsinke tiyub.

Akwai kuma tayar da babu libar da za ta shigar da ita. Tayoyi iri biyu ake kira inci 28, amma ɗaya ta rim mai milimita 635 ce, ɗayar kuma ta 622, kuma lambar tana nan rubuce a gefen tayar, misali 40-635. Na taɓa ganin magidanta biyu suna gumi a kan irin wannan har wayar leɓen ta tsinke, sabuwar taya ta tafi a banza.

Ina kira ga masu sayar da kayan keke su riƙa kawo liba ta roba, domin samunta na da wuya a garin nan, iyayen gidan masu faci kuma su koya wa yaransu karanta lambar taya kafin su ɗora musu aiki.

Wassalam,
Mai karatunku daga unguwar Birni, Damagaram