Ɗakin shan hantsin Hajiya

Maraɗi, 9 ga Fabrairu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, yaya kuke fama da sanyin Kanada? Mu nan lafiya lau, ɗari ya fara sassautawa, ƙura ce dai ba ta ɗauke ba. Jiya bayan la'asar na je gida na gaida Hajiya. Ta ce in shaida maka tarin ya yi sauƙi, gwiwar ce take taɓa ta da asuba.

Saƙonka ya iso hannuna cif, haka ma hotunan ɗakin gilashin gidanka da ka ce a yi mata irinsa. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, don maganar tana son natsuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ban bi zanenka ba, kuma ina roƙonka kada mu bi shi.

Na gane nufinka sarai. Kana so ta sami wurin shan hantsi lokacin hunturu ba tare da iska da ƙura sun tayar mata da tari ba, wuri mai haske da za ta karanta Alƙur'aninta, tunda ido ya yi rauni, ɗakinta kuma duhu gare shi. Ni ma burina ke nan. Sai dai ɗakinka an yi shi ne don ya kama rana ya riƙe ta, domin a can rana baƙuwa ce. Ka daɗe ba ka yi bazara a gida ba, shi ya sa nake tuna maka. Daga Maris zuwa Mayu zafin Maraɗi kan haura digiri 40 a inuwa. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, daɓe da bango su sha su yi zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita, kamar motar da aka rufe aka bari a tasha da azahar. Da tsakar rana kowace murabba'in mita tana karɓar kusan wat 1000. Rufin gilashin da ka zana murabba'in mita 12 ne. Ka ɗauka an jona dutsen guga goma ko fiye a saman kan tsohuwa, an rufe ƙofa. Da na yi wannan lissafi ban yi barci sosai ba a daren.

Ga abin da muka yi da magini. Mun fara da fuskar ɗakin, don ita ce ba a gyarawa in an ɓata. Maraɗi tana wajen digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana a sama take wucewa: daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta tana ɗan karkata arewa, sauran shekara kuma tana kudu. Ko a Disamba da ta fi sunkuyawa, da tsakar rana tsayinta a sararin sama ya haura digiri 50. Taga ta kudu ko ta arewa, rumfa kaɗan ta ishe ta inuwa. Gabas da yamma ne masu wuya, don rana tana shigowa a kwance, ba rumfar da za ta tare ta. Na yamma ya fi muni, domin yana zuwa ne lokacin da komai ya riga ya ɗauki zafi. Akwai wani maƙwabcinmu da ya sa wa shagonsa gilashi yana kallon yamma. Yanzu daga la'asar a waje yake zama da kayansa, ya lulluɓe gilashin da tabarmi.

Don haka bangon yamma mun toshe shi ɗungurungum. Manyan tagogi biyu suna kudu, da baranda mai faɗin mita ɗaya da rabi a kansu, akwai kuma wata a arewa. Haske zai cika ɗakin, amma ƙwayar rana ba za ta taɓa gilashin ba da tsakar rana. Hantsin kuma ban manta da shi ba, shi ne ma dalilin aikin. Mun bar taga guda a gabas, daidai inda za ta shimfiɗa dardumarta, da murfin katako ta waje. A Disamba da Janairu a buɗe murfin, rana ta sauka a gwiwarta, gilashi ya tare mata iska. Da bazara a rufe tun safe. Da damina ma murfin zai yi amfani, ka san hadarinmu daga gabas yake tasowa da iskarsa. Kariyar dole ta zama ta waje, ko murfi ko asabari; labulen ciki sai zafi ya riga ya shigo yake tarar da shi.

Bango na ƙasa muka yi, kaurinsa santimita 40, a kan harsashin dutse da siminti saboda ruwa. Na san za ka ce ka aiko kuɗi a yi gini na zamani, aka koma maka tubali. Ka tuna zauren kakanka, yadda muke gudowa daga makaranta mu kwanta a ciki da rana tsaka, sanyi kamar bakin randa? Bango mai kauri yana shan zafi a hankali, kafin ya ratso ciki rana ta faɗi, da dare kuma a buɗe tagogi ya huce. Bulon siminti mai rami ba ya da wannan haƙuri. Kuma ba koma baya ba ne. 'Yar ƙasarmu Mariam Issoufou, mai zanen gini, da bulon ƙasa matsattse suka gina masallacin Dandaji a jihar Tawa, aka gama a 2018, har duniya ta yaba. Francis Kéré na Burkina Faso ma da ƙasa ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga kwanon rufi sama da silin don iska ta riƙa ratsawa, kuma a 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gini.

Dabararsa nake so mu ara a rufin, kuma nan ne nake jiran amincewarka, don gini ya kai linta. Kwano fari, ko a shafa masa farin fenti, a ɗaga shi kamar kamu biyu sama da silin, gefe a buɗe da raga saboda tsuntsaye da jemagu. Kwanon ya sha ranar, iska ta kwashe zafin, silin ya zauna a inuwa. A saman bango za mu bar ƙananan kafofi da ragar sauro, tunda iska mai zafi sama take hawa, da murafensu don kwanakin ƙura.

Na'urar sanyaya ɗaki da ka ambata, a bar ta tukuna. Ƙaramarta ma tana cin kusan wat 1000, ga wutar nan ana yawan ɗaukewa daidai lokacin da aka fi bukatarta. Fankar sama ba ta wuce wat 75 ba, faifan sola ɗaya da batir sun riƙe ta har da ƙwan fitila. Gilashi mai ruɓi biyu irin naku ma ban ga ya cancanci tsadarsa a nan ba matuƙar tagar tana inuwa. Abin da ya ragu daga kuɗin gilashin zai biya sola, har ya yi saura.

Na dasa dogon yaro biyu ta yamma, nesa da bango saboda saiwa, almajiran gidan suna ba su ruwa. Katakon murafen kuma sai an yi masa maganin gara kafin a kafa.

Hajiya ta fito ran Juma'a ta dogara sandarta ta leƙa ta tagar gabas, ko gilashi ba a sa ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta tambaye ni ko daga nan za ta riƙa ganin jikokinta in sun fita makarantar allo. Na ce mata za ta gani. Ta yi ta sa maka albarka har na ji ƙwalla.

Ka ba ni amsa kan rufin kafin ƙarshen watan nan, don ina so a rufe kafin zafi ya kankama, a kuma yi yaɓen waje kafin ruwan farko a watan Yuni. In akwai abin da bai kwanta maka ba, ka faɗa mini kai tsaye, mu sake dubawa tare. Ka gaida uwargida da yaran duka. Mutanen gidana suna gaishe ku.

Wassalam,
Amininka na Maraɗi