Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da dutsen teku a Yamai

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda na taka ƙafa zuwa shagonku har sau 3, na yi ta kiran waya, kuma amsar da nake samu kullum ita ce mai gida ya yi tafiya. Na sakaya sunan kamfaninku domin ba tozarci ya kawo ni ba, amma da zarar kun karanta za ku gane da ku nake.

A watan Janairun bana na sayi kilo 12 na dutsen teku mai rai, wato dutsen da ƙananan halittun teku ke rayuwa a jikinsa da ramukansa, a wurinku, kan kuɗi jaka 96, domin akwatin gilashina mai cin lita 250 wanda na shekara 4 ina kiwon murjani da kifin teku a cikinsa. Duk wanda ya san Yamai ya san abin da ake sha kafin a riƙe ruwan gishiri a wannan gari da ke nesa da teku da kusan kilomita 1,000. Sai an tace ruwa an cire duk wani sinadarin da ke ciki, an haɗa gishiri na musamman har ya kai giram 35 a kowace lita, sannan a tsare zafin ruwan a digiri 25 zuwa 26 alhali a watan Afrilu zafin waje yana haura 40 kuma wuta tana ɗaukewa. Shi ya sa kafin in biya na tambayi ma'aikacinku ko an keɓe dutsen an duba shi, ya dafa ƙirji ya ce wata guda ya yi a keɓe kuma babu komai a jikinsa.

Kwana 10 da saka dutsen, wani dare na haska tocila sai na hango wata ƴar halitta ruwan ƙasa, jikinta garau kamar gilashi, ta leƙo daga wani rami tana kaɗa siraran hannuwa. Na kai yatsa kusa da ita, sai ta shige ramin cikin ƙiftawar ido. Wannan ita ce Aiptasia, furen tekun nan mai harbi wanda masu wannan kiwo a ko'ina suka sani a matsayin annoba, domin a hannuwanta akwai ƙwayoyin dafi da take harbin murjanin da ke maƙwabtaka da ita har ya daina buɗewa ya mutu. Guda 3 na ƙirga a daren.

A nan zan yi muku adalci. Aiptasia tana iya ɓuya a ramin da ido ba ya kaiwa, kuma ko babban ɗan kasuwa mai kula dutse irin wannan yana iya kuɓuce masa. Da abin ya tsaya nan, da na shanye. Abin da ya ɓata mini rai shi ne shawarar da na samu a shagonku washegari, lokacin da ma'aikacinku ya kalli hoton a wayata ya ce: "Alhaji, wannan ai ciyawa ce, ka sa buroshi ka goge ta a cikin ruwan." Na bi maganarsa domin na ɗauka mai sayar da kaya ya fi ni sanin kayansa. Ashe wannan halitta ta ƙafarta take yaɗuwa: duk ɗan guntun naman da ya yage ya saura a kan dutse, ko ruwa ya ɗauke shi ya kai wani lungu, yana tsirowa ya zama cikakkiyar sabuwa, kamar yadda kainuwa ke cika bakin kogin Isa idan an daddatsa ta an bar guntayen a ruwa. Da hannuna na shuka ta, bisa umarninku. Cikin mako 5 na ƙirga fiye da 40 kafin in gaji da ƙirga, wasu a kan gilashi, wasu har cikin akwatin tace ruwa da ke ƙasa inda haske ba ya isa sosai.

Da na koma da kuka, sai aka ce maganin yana nan a shago, aka sayar mini da jatan lande guda 4 a kan jaka 8 kowane ɗaya, da sunan Lysmata wurdemanni, wanda aka sani yana cin Aiptasia, musamman ƙananan. Ranka ya daɗe, abin da aka ƙulla mini a leda wani jinsi ne daban. Lysmata na gaskiya daga yammacin tekun Atlantika yake, jikinsa miƙe, garau, da siraran jajayen layuka da suka bi tsawonsa. Nawa kuwa ja ne mai farare-fararen zane da ɗigo, idanunsa manya, bakinsa yana motsi sama da ƙasa, kuma bayansa ya yi tozo. Wannan shi ne Rhynchocinetes durbanensis na yankin tekun Indiya da Pasifik, wanda saboda tozon nan ake danganta shi da raƙumi. A ce a ƙasar Nijar an rasa mai gane tozon raƙumi, abin da ban dariya, sai dai ni ban yi dariya ba, domin wannan jinsi ba ya kula Aiptasia ko kaɗan, murjani mai laushi yake tsattsaga. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Wata safiya na tarar da biyu daga cikinsu a kan gungun murjanina mai laushi na jinsin Zoanthus mai launin lemo, wanda na rena tun yana ƙwaya 5 har ya rufe dutse mai faɗin tafin hannu, suna yagar shi alhali ga Aiptasia tana kaɗa hannuwa a gefensu babu mai taɓa ta. Kamo su daga cikin ramukan dutse ya ci mini dare 3.

Yanzu da kaina nake yaƙin, a hankali. Ina kwaɓa garin farar ƙasa na kalsiyom haidroksaid, wanda masu kiwo ke kira kalkwasser, ya yi kauri kamar kunu, in kashe famfunan da ke juya ruwa, in ɗiga shi da sirinji a bakin halittar har ta haɗiye ta rufe a kansa. Ba na wuce guda 5 ko 6 a rana, domin maganin yana da ƙarfin kanwa ƙwarai, kuma idan ya yi yawa ma'aunin pH, mai nuna tsami ko ƙarfin kanwar ruwan, zai haura 8.4 ya cutar da kifi. Duwatsu biyu da suka fi lalacewa na fitar da su gaba ɗaya na shanya a rana, wato na mayar da dutse mai rai da na saya da tsada ya zama dutsen banza. Na tambaye ku ko za ku iya kawo mini Berghia stephanieae, ƴar dodon-koɗin nan marar ƙoƙo wadda ba ta cin komai sai Aiptasia, sai ma'aikacinku ya yi ƙoƙarin tura mini kifin Chelmon rostratus, wanda kowa ya san yana da wuyar karɓar abinci a akwati kuma ba kowane ɗaya ne ke cin wannan annoba ba. Na ƙi, domin ba zan ƙara sayen zato ba.

Saboda haka ina neman ku mayar mini da jaka 32 na jatan landen, waɗanda suna nan da ransu a wani bokiti mai famfon iska ina jiran ku zo ku karɓa, tare da kuɗin kilo 4 na dutsen da na shanya. Murjanin da ya mutu ban sa masa farashi ba, domin shekarun da na yi ina renonsa ba a kanti ake sayensu ba. Ina kuma roƙon ku cire takardar sunan da ke manne a akwatin jatan landen nan na shagonku, wadda na gani da idona ranar Asabar da ta wuce har yanzu tana cewa Lysmata, kuma ku hana ma'aikatanku cewa an keɓe dutse idan akwatin keɓewar da na sayarwar ruwa ɗaya ke zagaya su, kamar yadda na lura da bututun da ya haɗa su a bayan kanta.

Rasiɗai biyu da hotunan da na ɗauka tun daren farko suna hannuna, kuma lambar wayata tana cikin littafin cinikinku. Zan jira amsarku har ƙarshen wannan wata.

Wassalam.

Naku,
Wani abokin cinikinku daga unguwar Yantala, Yamai