Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Masu Haɗa Ƙananan Jiragen Sama A Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Shugaba, Alhaji Ma'aji, iyayenmu dattawan ƙungiya da sauran 'yan uwa, ga bayanin abin da muka yi daga Janairu zuwa Disamba, da abin da ya gagara da dalilin gagararsa.

Taron wata-wata ya gudana a inda muka saba a Agege, in ban da na watan azumi da aka ɗage da na Yuli da ruwa ya hana.

Maganar kuɗin wata ita ce ta fi ci mini rai a bana. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba, wasu kuma tun bayan ƙaramar Sallah ba a sake ganin ko kwabonsu ba. Na kira waya, na tura saƙo, na taka har shagunan wasu, amsar dai ita ce sai wani satin. Kowa a nan ya san kayan aikinmu, wato kwalayen ƙananan samfurin jiragen da muke haɗawa, duk daga kamfanonin waje suke zuwa: Airfix daga Ingila, Revell daga Jamus, Italeri daga Italiya, Tamiya da Hasegawa daga Japan. Da dala ake sayensu, da dala ake biyan kuɗin ɗaukowa. Dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, mu kuwa kuɗin watanmu yana nan yadda aka yanke shi tun farko. Ɗan abin da bai isa ba, shi ne kuma ba a biya. Duk mai tambayar me ya sa kwamiti bai yi kaza ba, ya fara duba littafin Alhaji Ma'aji ya ga inda sunansa ya tsaya.

Jirgin C-130 Hercules da muka yi alkawarin gamawa tare bai kammala ba, kuma na ji ƙorafin da ake yi a bayan idon kwamiti. Ga gaskiyar lamarin. Faɗin fukafukan jirgin na gaske ya ɗan haura mita 40, don haka a ma'aunin 1:72, wato an rage girman na gasken sau 72, namu ya kai kusan santimita 56. Abu mai wannan girma ba a yi masa fenti da buroshi, sawun gashin zai fito a jikinsa ƙarara. Sai da injin feshi, kwamfaresar ƙungiya kuwa ta lalace tun watan Mayu, babu kuɗin gyara. Da wani ɗan uwa ya ara mana tasa, damina ta riga ta kankama, kuma kun san laimar Legas: a fesa fenti ya yi hazo-hazo, a kwana biyu yana danƙo. Gangar jikin an haɗa ta, an cike tsagogi da fila an goge da samfefa, injina huɗun da farfelolinsu duk suna nan a shirye. Abin da ya rage fenti ne da tambari. Tambarin sojan saman Najeriya ba ya cikin kwalin, sai mun buga da kanmu, kuma na'urar buga takarda ta gida ba ta fitar da farin launi, dole a nemi farar takardar sitika a yanke kore-fari-koren da hannu. Ba sakaci ba ne.

Kabad ɗin gilashi ma haka. An ba kafinta kafin alƙalami, ya yi katakon, kuɗin gilashi ya tashi, cikon ya gagara. Jiragenmu na nan cikin kwalaye suna shan ƙura, har ƙafafun MiG-21 sun karye wajen ɗauka da ajiyewa. Ajin koyar da yara na ranar Lahadi kuwa an fara shi aka dakatar, saboda cikin waɗanda suka ɗaga hannu za su koyar, mutum ɗaya ne ya riƙa zuwa.

Sai abin da ya faranta mana rai, wato baje kolin da muka yi ranar Asabar 1 ga Nuwamba a zauren makarantar Islamiyyar da ta ba mu aro kyauta, Allah ya saka wa hukumarta da alheri. Ba haka kawai muka zaɓi ranar ba. A irinta ce a 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Birtaniya, waɗanda suka taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano. Shekara 100 cif ke nan. Muka jera teburan bisa tarihi, aka fara da wannan jirgi mai fukafukai hawa biyu, wanda a ma'aunin 1:72 faɗinsa bai kai santimita 20 ba. Ɗan uwanmu na Idi-Araba da ya haɗa shi ya yi aikin da ya kamata a yaba. Wayoyin da ke ɗaure fukafukan nan ɗaya bayan ɗaya ya ja su da siririn zaren fatsa, da hantsaki da ɗigon gam, ga shi ido ya fara yi masa rauni. Mutane sun yi ta sunkuyawa suna tambayar ko da gaske hannu ne ya yi.

Teburi na biyu na sojan saman Najeriya ne, wanda aka kafa a 1964: MiG-17 na zamanin yaƙin basasa, MiG-21 da aka yi wa ɗaurin ƙafa a daren jajibiri, Alpha Jet, sai A-29 Super Tucano irin waɗanda suka iso ƙasar nan a 2021. Amma inda jama'a suka fi cincirindo shi ne gaban DC-10 na Nigeria Airways a ma'aunin 1:144, da korensa da farinsa. Yawancin yaran ba su taɓa jin sunan kamfanin ba, tunda ya durƙushe a 2003 kafin a haife su. Sai ga wani dattijo cikin iyayen yara, ashe ya yi aikin lodin kaya a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja a wancan zamani. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga nuna wa jikokinsa ƙofar da suke zuba kaya da injin na uku da ke gindin wutsiya, ya ba su labarin hadahadar jigilar alhazai. Malam Shugaba ya ƙara masa da cewa DC-10 na ƙarshe da aka ƙera a duniya, Nigeria Airways aka miƙa wa shi a 1989. Wallahi wannan tsayuwa ta dattijon nan kaɗai ta biya mu wahalar da muka sha.

Bayan azahar aka zaunar da yara, maza gefe mata gefe, aka raba musu ƙananan kwalaye masu sauƙin haɗawa. Aka nuna musu yadda ake yanko kowane ɓangare daga jikin firam ba tare da an murɗe shi ba, yadda ake gwada haɗuwarsa kafin a sa gam, da dalilin da ya sa ba a kai gam kusa da gilashin mazaunin matuƙi, don yana dusashe shi. Wata yarinya 'yar aji biyar ta riga kowa gamawa, har ta koma tana gyara wa maƙwabciyarta. Malaman makarantar sun roƙi mu dawo baɗi. A sani cewa kwalayen nan da ruwan sha da hayar janareta duk daga aljihun 'yan kwamiti da dattawa biyu suka fito, asusun ƙungiya bai iya ɗaukar komai ba.

Abin da ya ɓata mini rai a ranar shi ne fuskokin da ban gani ba. Akwai waɗanda suka taso tun daga Alaba Rago da Mile 12 da jiragensu a cinya cikin motar haya, alhali wasu da ke nan cikin Agege ko leƙowa ba su yi ba, sai washegari suka cika waya da tambayar hotuna. Uzurin cunkoson hanya ya ƙare, jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Agege, yana bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutanen da suka ɗauke ta a bana sun gaji. Wanda sha'awar ta fita daga ransa ya faɗa mana a cire sunansa, babu rigima, zumunci na nan.

Kwamiti ya yanke cewa duk mai bashi ya biya kafin ƙarshen Janairu, a hannun Alhaji Ma'aji ko ta asusun da kuka sani. Kuɗin farko da ya shigo na gyaran kwamfaresa ne, don a fesa wa C-130 fenti kafin ruwan Afrilu ya sauko, sannan gilashin kabad. A taron Fabrairu za a karanta sunayen waɗanda ba su biya ba, a tattauna ƙarin kuɗin wata, a kuma yi zaɓen sabon kwamiti, kuma mai bashi ba shi da ƙuri'a. Waɗanda suka ari wuƙaƙen yanka, hantsaki da kwalaben fenti na ƙungiya su zo da su ranar.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya