Ƙwayar ekstasi: kada a yi wa yaro ɗuren ruwa, a kira 997

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka domin iyaye da matasa Hausawa mazauna Makka da Jidda. Kowa ya ji labarin Kabtagon da shabu, amma ba a cika maganar MDMA ba, wadda ake kira ekstasi: ƙananan ƙwayoyi masu launi da tambari a jiki, wani lokaci kuma gari. Matasa na ɗaukarta abin nishaɗin dare ɗaya a istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya. Damuwarmu ita ce abin da ake yi wa yaro idan ta juye masa, domin wani sa'in taimakon 'yan uwa ne ke ƙarasa shi.

Tana fara aiki cikin minti 30 zuwa 45, tasirinta ya kai awa 3 zuwa 6 a jiki. Zuciya ta yi ta dukan uku-uku, baƙin ido ya buɗe, muƙamuƙi ya ɗaure har ka ji yana cizon haƙora. Tana kuma rikita yadda jiki ke daidaita zafinsa. A garin da zafi ke haura digiri 45, ga cunkoso ga rawa, zafin jiki kan wuce 40. Daga nan tsoka ta fara lalacewa, dattinta ya toshe ƙoda, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, hanta ta taɓu. Farasitamol ba ya sauke wannan zafin, don ba zazzaɓi ba ne.

Haɗarin da mutane suka fi jahilta shi ne ruwa. Ƙwayar na sa jiki ya saki sinadarin da ke hana ƙoda fitar da fitsari, ga ta da sa ƙishirwa. Mutum ya yi ta kwankwaɗa, ruwan ba ya fita, gishirin jini da ya kamata ya tsaya tsakanin 135 da 145 a ma'aunin asibiti ya faɗo, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon kai. Alamunsa ciwon kai mai tsanani, amai, sambatu, barcin da ba a iya tayarwa, sai farfaɗiya. 'Yan mata sun fi shiga wannan haɗari. A Ingila a 1995, wata 'yar shekara 18 ta mutu bayan ƙwaya ɗaya da ruwa wajen lita 7 cikin awa ɗaya da rabi. To, mu kuma da zarar yaro ya fita hayyacinsa, sai a tallabe kansa a yi masa ɗuren ruwa ko madara, ko a ce bugun aljanu ne a jira gari ya waye. Addu'a ba ta hana kiran motar asibiti.

Haɗa ta da tramol, ko maganin tari mai dextromethorphan, ko magungunan ciwon damuwa, na iya kawo karkarwa, sanƙarewar ƙafafu da zafin da ba ya jin magani. Ba kuma wanda ya san abin da aka cusa a ƙwayar. Wasu na ɗauke da PMMA, wani sinadari mai haɗari da ke jinkirin fara aiki, sai yaro ya zaci jabu ce ya ƙara ta biyu.

Idan aka ga waɗannan alamu, a kira Hilal Ahmar, hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya, a 997 nan take. Kafin su iso a kai shi ɗaki mai sanyi, a rage masa tufafi, a jiƙa fatarsa a yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Kada a zuba masa komai a baki. In ya suma a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, in yana fizge-fizge kada a danne shi ko a tura masa cokali. A gaya wa ma'aikata gaskiya: me ya sha, yaushe, da me ya haɗa, ruwa nawa ya sha.

Mun san tsoron hukuma ne ke sa a ɓoye, kuma lallai hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yakan kai kisa. Amma dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta tanadi cewa ba a gurfanar da mai shaye-shayen da ya kawo kansa neman magani, ko danginsa suka kawo shi, muddin ya miƙa abin da ke hannunsa. Akwai cibiyoyin Irada masu wannan aiki a Jidda da Riyad, ana kuma samun shawarar likita ta layin Ma'aikatar Lafiya, 937, dare da rana.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiya Hausawa,
Jidda, Saudiyya