Godiya Ga Ma'aikatan Sashen Yara Da Suka Duba Min 'Yata

Assalamu alaikum Likita, Sista da duk sauran ma'aikatan sashen yara.

Na ce bari in yi godiyar nan a fili saboda wallahi kun cancanta, kuma na san akwai iyaye da yawa da ke fama da irin abin da muka yi fama da shi.

'Yata 'yar shekara 2 da rabi sai ta yi kwana da kwanaki ba ta yi kashi ba, in ya matso ta sai ta ruga bayan kujera ta yi ɗage ta harɗe ƙafafu, jikinta ya sandare fuska ta yi ja tana kuka, duk wanda ya gani sai ya ce yunƙuri take ya ƙi fita. Likita kai ne ka fara cewa a'a Maman yarinya, wannan riƙewa take. Ka zana min hanji a takarda ka nuna min yadda abin yake: sau ɗaya yaro ya yi kashi mai tauri ya ji zafi, ko duburar ta ɗan tsage har a ga ɗigon jini, shi ke nan tsoro ya shiga. In ya riƙe babban hanji ya ci gaba da tsotse ruwan da ke ciki, kashin ya ƙara bushewa ya ƙara girma, ranar da zai fito zafin ya fi na baya, yaro ya ƙara riƙewa. Har wurin ya saki ya daina jin alamar matsuwa, sai ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefe yana ɓata wando a zaci gudawa ce alhali ciki a cushe yake.

Abin da ya fi taɓa min zuciya ba wanda ya ce taurin kai ne ko sangarta, kuma ba ku yi sauri kun rubuta magani kun sallame mu ba. Sai da ka tambaya ko ta yi kashin farko cikin awa 48 da haihuwa, ko tana koren amai, ko cikinta na kumbura sosai, ko ƙafafunta ba ƙarfi, ka duba nauyinta da tsayinta, ka ce kana son tabbatarwa ba wata matsala ba ce kamar cutar Hirschsprung, wadda ake haihuwar yaro da ita wani ɓangare na hanjinsa ba ya iya tura kashi. Da komai ya fita lafiya ka ba mu garin maganin nan macrogol mai sa kashi ya yi laushi da ake damawa a ruwa, da farko da ɗan yawa don a kwashe wanda ya taru, daga baya kaɗan-kaɗan kullum. Ka ja min kunne sosai kan cewa kar in tsayar don na ga sauƙi, watanni ake yi ana sha sannan a rage a hankali, domin hanjin na buƙatar lokaci ya koma daidai ita ma ta manta da zafin.

Sista ke kuma Allah ya biya ki. Ke kika durƙusa kika nuna min yadda zan zaunar da ita a fo bayan cin abinci kamar minti 5, lokacin da hanji ke motsi da kansa, ƙafa a ƙasa ko kan ɗan benci gwiwa ta ɗan fi ƙugu tsayi, a ba ta abin hurawa tana wasa don cikin ya saki. Kika ce a yaba mata don ta zauna ko ba ta yi komai ba, ban da tsawa ban da duka in ta ɓata wando, a ƙara ruwa da 'ya'yan itatuwa da ganye, madara kuma kar ta yi yawa. Ni a ganina wannan bayanin kaɗai ya kai rabin maganin.

Yanzu Alhamdulillah kusan kullum take yi mai laushi ba kuka, da kanta ma take janyo fo ɗinta. Muna nan kan maganin yadda kuka ce kuma za mu dawo ranar da kuka rubuta mana.

Allah ya saka muku da alheri, ya ji ƙan iyayenku, ya raya muku zuri'a.

Taku,
Mahaifiyar yarinyar