Da a ce kumbon Superman ya sauka a wata gonar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka, don Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da na san wasu za su ce na yara ne, amma ni wallahi ya daɗe yana cin raina, wato labaran komik, littattafan labari masu zane-zane, na jarumai irin su Superman da Batman da Spider-Man, musamman waɗanda ake nuna jarumi ɗaya a duniyoyi daban-daban, kowace duniya da irin nata.

Abin da ya taso da maganar gardama ce muka yi da ƙanena bayan ya kalli fim ɗin Spider-Man na 2021, wanda aka haɗa Peter Parker, wato shi Spider-Man ɗin, har guda uku a wuri ɗaya. Shi a ganinsa sabuwar dabara ce masu fim suka ƙirƙiro jiya-jiya don su ci kasuwa. Na ce masa kai ƙanena, wannan abin ya girme ni ya girme ka, a takarda yake tun 1961. Kuma kafin wani ya fahimce ni a baibai, ƙagaggen labari nake magana a kai, tamkar tatsuniya, ba wanda ya ce a ɗauke shi a matsayin gaskiyar yadda halitta take.

Ga yadda aka faro. Kamfanin DC na Amurka yana da wani jarumi mai gudu kamar walƙiya, Flash, sunansa Jay Garrick, ya fito a 1940. Bayan yaƙin duniya na biyu kasuwar jarumai ta faɗi, aka daina buga littafinsa a 1949. A 1956 sai suka dawo da sunan amma da wani mutum daban, Barry Allen, da kaya daban, har ma aka nuna shi Barry ɗin yana karanta komik na Jay Garrick, ke nan a duniyar Barry shi Jay labari ne kawai a takarda. To sai a fitowa ta 123 ta littafin Flash, a 1961, marubuci Gardner Fox da mai zane Carmine Infantino suka yi abin da ya buɗe ƙofar gaba ɗaya. Barry yana yi wa yara marayu wasa, yana girgiza jikinsa da mugun sauri, kawai sai ya ɓace ya tsinci kansa kusa da wani gari Keystone City da bai taɓa sanin akwai shi da gaske ba, ya duba littafin lambobin waya ya ga sunan Jay Garrick, ya je ya same shi ya manyanta, furfura ta fara fito masa, ya yi aure ya ajiye aikin jarumta. Bayanin da suka bayar shi ne duniyoyin biyu a wuri ɗaya suke zaune amma kowacce da saurin kaɗawarta, kamar tashoshin rediyo biyu da ke cikin iska ɗaya, wadda ka murɗo ita za ka ji. Har suka ƙara da cewa shi marubucin a mafarki yake kamo abin da ke faruwa a ɗaya duniyar ya rubuta. Gaskiya duk lokacin da na tuna wannan dabarar sai na jinjina musu, don da ita suka ceto tsofaffin jarumansu ba tare da sun zubar da sababbin ba.

Daga nan abu ya yi ta yaɗo. A 1963 aka fara haɗa ƙungiyoyin jarumai na duniyoyin biyu, ya zama al'adar kowace shekara, a 1964 aka kawo duniya ta uku inda komai ya juye, masu kama da Superman da Batman su ne 'yan ta'addan, Ultraman da Owlman da sauransu. Kamfanin Marvel, masu Spider-Man, su ma a 1977 suka fara jerin What If, inda wani mai kallo da ba ya sa baki, Uatu, yake nuna yadda abu zai kasance da an sauya mataki ɗaya, na farkon ma shi ne da a ce Spider-Man ya shiga ƙungiyar Fantastic Four. Lambar nan 616 da masu kallo ke ji ana kiran babbar duniyar Marvel da ita, a labaran Captain Britain da aka buga a Ingila a 1983 ta fara fitowa.

Amma Malam Edita ba tarihi na zo zayyanawa ba. Abin da nake so in faɗa shi ne irin wannan labari yana da daraja ne idan an sauya abu ɗaya tak a rayuwar jarumin sannan aka tsaya aka duba me ya rage a cikinsa. Ana cewa hali zanen dutse, to waɗannan labaran gwajin wannan maganar suke yi, su ɗauke dutsen su kai shi wani wuri su ga ko zanen yana nan.

Babu inda na ga an yi wannan da kyau kamar Superman: Red Son na Mark Millar, fitowa uku, 2003. Kowa ya san jaririn da aka saka a kumbo daga duniyar Krypton ya faɗo a gonar wasu mata da miji a jihar Kansas ta Amurka suka raine shi da tarbiyya, ya zama Superman. To a nan bambancin 'yan awanni aka samu, duniya ta ɗan juya, kumbon ya sauka a gonar gwamnati a Yukren ƙarƙashin Tarayyar Sobiyat, ya tashi da hoton guduma da lauje a ƙirjinsa, yana yi wa shugabanta Stalin aiki. Da malalacin marubuci ne sai ya maida shi mugu kawai a wuce wurin. Millar bai yi haka ba. Wannan Superman ɗin yana da tausayi kamar wancan, ba ya iya jin kukan mutum ya kau da kai, har mutanen Amurka da ake gaba da su yana ceto. Bayan mutuwar Stalin ya ƙi mulki da farko, sai da ya ga mutane a layi suna jiran abinci ya ce ai shi zai iya gyara wannan, ya karɓa, kuma ya gyara ɗin, yunwa ta kau, kusan duk ƙasashe suka bi shi. Inda abin ya fara ba ni tsoro shi ne duk wanda ya yi masa tawaye sai a yi masa aiki a ƙwaƙwalwa ya koma mai biyayya, kuma shi Superman a ransa taimako yake yi. Ka ga tausayin bai tafi ko'ina ba, abin da ya rasa shi ne wanda zai koya masa tun yana yaro cewa akwai inda mai ƙarfi zai tsaya ya bar mutane su zaɓa da kansu ko da za su yi kuskure. A ƙarshe ma ba da ƙarfi aka karya shi ba, wata 'yar takarda ce babban abokin gabansa Lex Luthor ya rubuta mai jimla ɗaya, da ta tuna masa birnin Stalingrad wanda wani mugu Brainiac ya ƙanƙantar ya rufe a kwalba, abin da shi Superman ya fi jin takaicinsa a rayuwa, sai ya gane ashe abin da yake yi wa duniya ke nan. Na karanta wannan wurin ya fi sau nawa, kuma bayan na gama sai na ji na ƙara fahimtar Superman na asali, na gane aikin da tsofaffin nan biyu na Kansas suka yi.

Haka Flashpoint na 2011, na Geoff Johns da Andy Kubert, duk da shi tarihin ne ya karkace a duniya ɗaya. Barry Allen ya koma baya ya hana a kashe mahaifiyarsa, wa zai zarge shi? Sai ya farka ya tarar komai ya dagule, jarumai biyu Aquaman da Wonder Woman suna yaƙin da ya nutsar da yammacin Turai, Superman kuma a kulle a ɗakin gwaji na gwamnati tun yana jariri bai san rana ba. Amma abin da ya fi tsaya min shi ne Batman. A labarin asali iyayen Bruce Wayne aka harbe a gabansa ya girma ya zama Batman, a nan kuwa a daren da aka tare iyalan Wayne a lungu, yaron ne Bruce harsashin ya samu, uban Thomas ya rayu ya zama Batman mai zafin zuciya da ba ya jin komai in ya kashe, uwar Martha baƙin ciki ya taɓa mata hankali ta zama Joker, babban abokin gaban Batman. Da Thomas ya ji cewa akwai tarihin da ɗansa ne ya rayu shi ya mutu, bai yi wata-wata ba ya taimaki Barry ya rushe duniyar da shi kansa yake ciki, ya ba shi wasiƙa ya kai wa Bruce. Uba ke nan. Shi kuma Barry dole ya koma ya hana kansa ceton uwarsa. Duk wanda ya taɓa rasa wani ya kwana yana cewa da na yi kaza da bai tafi ba, zai ji wannan labarin a ƙirjinsa, da na sani ƙeya ce, su kuma sai suka juyo da ƙeyar gaba suka ce to kalle ta.

Ta wannan ƙofar ce kuma sababbin fuskoki suka shigo. A 2000 Marvel ta buɗe duniyar Ultimate don masu karatu sababbi, a can Peter Parker ya mutu a 2011, sai Brian Michael Bendis da Sara Pichelli suka kawo Miles Morales, yaro ɗan Brooklyn, ubansa baƙar fata uwarsa 'yar asalin Puerto Rico, wanda ya samu baiwa irin ta Spider-Man amma ya ɓoye ta don tsoro, da Peter ya mutu sai ya ji da ya fito da wuri wataƙila da ya taimaka. Wannan nauyin ne ya sa shi ɗaukar sunan. Gwen Stacy, budurwar Peter, da aka kashe tun 1973 ta zama abin da ake tunawa kawai don a nuna baƙin cikin Peter, a 2014 aka kawo duniyar da ita ce gizon da ke ba da baiwar ya ciza, Peter ne ya mutu a hannunta, ubanta ɗan sanda yana farautarta bai san 'yarsa ba ce. Akwai Pavitr Prabhakar, Spider-Man na Indiya, tun 2004, akwai Calvin Ellis na Grant Morrison, Superman baƙar fata da yake shugaban Amurka a tasa duniyar. Fim ɗin zane na Miles na 2018 har kyautar Oscar ya ci.

To yanzu ga inda raina yake ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba don ina son abin. Kamfanonin nan sun gano cewa duniyoyi da yawa na nufin kaya da yawa na sayarwa, sai suka saki linzami. Tun a 1985 DC da kanta ta ga abin ya yi mata yawa, masu karatu sababbi ba sa gane wane Superman ne wane, ta sa Marv Wolfman da George Pérez suka yi Crisis on Infinite Earths, fitowa 12, aka rushe duniyoyin aka bar ɗaya. Supergirl ta mutu a ta 7, Barry Allen ya mutu a ta 8 yana gudu har jikinsa ya narke don ya lalata makamin Anti-Monitor, mugun da ke rushe duniyoyin, kuma mutuwar nan ta yi nauyi saboda an bar ta ta zauna, yaronsa Wally West ya gaji sunan ya yi shekaru yana ƙoƙarin cika gurbin. Sai ga shi a 2007 an dawo da duniyoyi 52, a 2008 Barry ya dawo, a 2011 an sake share allo an fara daga farko, Marvel ma ta rushe nata a Secret Wars na 2015 ta sake ginawa. Haba! Yanzu in an kashe jarumi a gabanka ko gezau ba ka yi, don ka san akwai wani irinsa a maƙwabciyar duniya ana jira a ɗauko. A Spider-Verse na Dan Slott na 2014 an tara Spider-Man barkatai, abin sha'awa ne a ido ba ƙarya, amma da yawansu an kawo su ne kawai don wani mugu Morlun da danginsa su kashe su a shafi ɗaya ko biyu, ba ka san su ba balle ka ji zafin rashinsu. Sauya wa jarumi launin riga a ce ga na wata duniya ba labari ba ne, talla ce. Ni abin da nake tambaya duk lokacin da na ga sabon irin wannan shi ne me aka ɗauke masa, me ya rage, in babu amsa sai in ajiye littafin.

Shi ya sa nake roƙonka Malam Edita, tunda matasa da yawa ta fim suka san jaruman nan kuma ba su san akwai tushe a takarda ba, ku ɗan ware fili ko sau ɗaya a wata a shafin nishaɗi a riƙa warware irin waɗannan labaran da Hausa, a faɗi mai kyau a faɗi na banza. Masu sha'awar zane da rubutu a cikinmu za su ƙaru sosai da ganin yadda ake gina labari a kan sauyi guda ɗaya. In za a fara, ni shawarata a fara da Red Son don fitowa uku ne kawai kuma ba sai ka san komai ba kafin ka shiga, sai a bi da Gotham by Gaslight na 1989 inda aka maida Batman shekarar 1889 yana farautar shahararren makashi Jack the Ripper, sannan a zo kan Miles. Ƙanena dai na riga na ba shi na farkon, jiya da dare ya turo min saƙo yana tambaya ko akwai ci gabansa.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku a kullum.