Fentin tarakta ya isa ga shasin tsohuwar mota

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai walda ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Ina son in yi magana da masu tsofaffin Peugeot 504 da Land Cruiser da ke jigilar Dakoro da Jibiya. Tsatsa na cin shasin motocinku, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da gangar mota, musamman masu ɗaukar takin zamani da kanwa, amma da an ambaci fenti sai ku ce tsada.

Fentin da ake shafa wa tarakta da garma ya wadatar. Na mai ne, yana kama ƙarfe, kuma bai kai fentin mota kuɗi ba. Rana ce ke kashe masa haske, shi kuwa shasi a inuwa yake.

Aikin duka yana wajen shiri. A goge da buroshin ƙarfe har ɓawon tsatsa ya zube, a wanke baƙin mai, musamman gefen akwatin giya, domin fenti ba ya zama kan maiƙo. A fara da jan fenti mai hana tsatsa, sannan shafi biyu marasa kauri. Yana jinkirin bushewa, don haka kar a yi ranar da ƙurar hunturu ta taso. A bar lambar shasi a fili saboda jandarma da duwan.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu lulluɓe tsaga da fenti su sayar wa bawan Allah. Na kankare shasin wata irin wannan mota a garejina, kusa da maƙalin sifirin na baya, na iske ƙarfen ya rabu, yatsana na shiga. Motar kuwa mutane take ɗauka zuwa kasuwa.

Naka,
Mai walda, Maradi